Babur Mai Oda da Kansa a Titi na 125

Duk wanda ya taɓa kwance fitilar gaban tsohuwar Honda ya san abin da ke ɓoye a bayan gilashin. Kwanon fitilar nan shi ne matattarar wayoyin babur: na sigina, na oda, na makulli, na mita, duk a ciki kamfani yake cusa mahaɗansu don kada ruwa ya taɓa su. Muddin kwanon yana wurinsa, lafiya lau. Rigima tana tashi ne ran da mai babur ya ce zai ɗaura garkuwar iska, domin fitila za ta koma jikin garkuwar, a cire kwano, wayoyi su rasa masauki.

Abin da ya sami wani matashi ɗan Maradi ke nan, maƙwabcina a Harlem, mai kai wa mutane abinci gida-gida. Ya tara kuɗi ya sayi tsohuwar CB750, irin wadda Honda ta fara fitarwa a 1969. Da hunturu ya kawo jiki, iskar kogin Hudson ta fara shiga masa har ƙashi, sai ya samo garkuwar Windjammer ta hannu, wadda Craig Vetter ya fito da ita a 1971. Faɗinta kaɗai ya isa a yi wa mutum biyu inuwa.

Gareji a Manhattan sai mai hannu da shuni, don haka a bakin titi aka yi aikin, a mahaɗar Titi na 125 da Broadway, ƙarƙashin gadar ƙarfen jirgin ƙasa mai lamba 1 da aka gina tun 1904. Ni aka ba riƙon tocilan. Mai sa ido kuwa kawunsa ne, dattijon da ya yi tebur a wannan titi tare da 'yan kasuwar Nijar, Hausawa da Zabarmawa, har zuwa Oktoban 1994 lokacin da magajin gari Rudolph Giuliani ya tashe su, da yawa suka koma kasuwar Malcolm Shabazz a Titi na 116. Kawu ya san titin lungu-lungu. Waya ce dai bai sani ba, amma hakan bai hana shi ba da fatawa ba.

Ana cire kwanon, wayoyin suka zubo kamar taliyar da ta kufce daga tukunya.

"Ɗana, ka rubuta wace ta shiga wace," in ji Kawu.

"Haba Kawu, ni da na tashi a kan Yamaha? Ido rufe ma sai in haɗa."

Nan gizo ke saƙar. A Yamaha, baƙar waya ita ce at, wato wadda ke komawa jikin ƙarfe. A Honda kuwa koriya ce at, baƙar tana ɗauke da wuta da zarar an murɗa makulli. Shuɗiya ta dogon haske ce, fara ta gajeren haske, ruwan lemo siginar hagu, shuɗi mai haske siginar dama, kore mai haske kuma na oda. Mutumin namu ya kama baƙar wayar nan da ƙarfin gwiwa, ya feƙe bakinta da haƙori, ya ɗaure ta da noti a jikin ƙarfe. Ya murɗa makulli. Muka ji "ɗas", komai ya mutu.

Ya sa sabon fis, ya sake murɗawa, wannan ma ya bi ɗan'uwansa. Kawu ya ce batir ne. Wani ɗan Gini da ya tsaya da kekensa na lantarki ya ce kwan fitila ne. Ga jirgi yana wucewa a samanmu jifa-jifa, sai kowa ya riƙa ihun shawararsa ba mai jin wani. Sai da fis ɗin aljihunsa suka ƙare ya yarda ya buɗe zanen wayoyin a wayar salula, ya yi shiru, ya kwance baƙar ba tare da ya kalli kowa ba.

Da aka sayo wasu fis, fitila ta kama, sai ya koma neman kyau. Ya tattara wayoyin ya naɗe da salatif, ya ja su ya ɗame da igiyoyin roba a jikin ƙarfen da ke riƙe garkuwar, tsaf-tsaf. Abin da ya manta shi ne, Windjammer a jikin firam ake ɗaure ta, ba ta juyawa, alhali maɓallan oda da sigina suna jikin kan babur, kan kuma juyawa yake. Wayar da ke tsakanin abu mai motsi da mara motsi tana buƙatar sarari. Tasa ko na yatsa ba ta da shi.

Daren Laraba ne, ranar gasar sababbin mawaƙa a gidan wasan Apollo, mutane sun yi layi a bakin ƙofa. Can ya nufa don a ga sabuwar garkuwa. Yana karya kai hagu zai faka, gefen ƙarfe ya yanki rigar wayar oda. A tsofaffin Honda maɓallin oda ba abin da yake yi illa haɗa wayar nan da at, saboda haka tana taɓa ƙarfe babur ya ɓarke da kuka. Ya miƙe kai, babur ya yi shiru. Ya karya dama, soket ɗin fitila ya zare, gaba ya yi duhu. Ya dawo hagu, oda ta sake tashi, kuma a bayan motar 'yan sanda.

Dokar jihar New York ta ce fitilar babur ta kasance a kunne dare da rana, birnin kuma yana cin tarar mai danna oda ba dalili. Ɗan sandan ya fito ya tarar da mutum ya ɗaga hannu biyu sama, ba ya taɓa komai, babur yana ta tsala ihu. 'Yan layi suka ɗauka cikin shirin ne, har da masu tafi. Jami'in ya miƙa hannu ya kashe makullin da kansa, ya duba takardu, ya nuna masa hanyar gida da ƙafa. CB750 ta haura kilo 200, ga garkuwa a kai. Da turi muka wuce da ita, Kawu yana biye yana ba da umarni.

Washegari wani mai wayarin ɗan Dominika ya yanke duk igiyoyin. Ya ƙara wa wayoyin tsawo da masu kauri daidai da su, ya liƙa wa kowace suna, ya rufe mahaɗan da robar da ke tsukewa in ta ji zafi, ya zuba su cikin jakar roba a bayan garkuwa, bakinta yana kallon ƙasa don ruwa ya tsiyaye. Ya bar lanƙwasa a wuyan babur, ya juya kan hagu da dama har ƙurewa fitila na kunne, ba ta ko ƙifta ba. Wata waya guda da mutumin namu ya sha wahalar nema mata abokiya, ya ce haka ta fito daga kamfani, ba a haɗe take da komai ba.

Kuɗin aikin ya zarce na garkuwar. Kawu ne ya cika, da sharaɗin za a riƙa kai shi Masallacin Juma'a a Titi na 116 har hunturu ya wuce.