Muzurun da Ya Ƙi Ritaya

Musu ya kaure a wani shagon aski a Doma: tsoffin finafinan katun na muzuru Tom da ɓera Jerry har yanzu suna da daɗi, ko kewar ƙuruciya ce kawai? Manya suka ce na da ya fi, na yanzu har ɓeran ya lalace. Yara suka ce ai duk gudu ne.

Ni aikin Tom ne ya dame ni. Tun 1940 yake bin ɓera. Guda ɗaya tak! An kwaɗa masa tukunya, an matse shi da ƙofa, ko ciwon kai bai yi ba. Da manomin riɗi ne ya ba shi gadin rumbu, da tuni ƙara ta kai fadar Andoma, sarkin Doma. A Amurka kuwa, lambar Oscar bakwai aka ba finafinan nasu.