Mutanen da Ba a Rasawa a Ranar Indiya

Da can biki a ƙasar Ruma bai wuce kamu, sa lalle, ɗaurin aure da kai amarya ba. Yanzu ƙawaye sun ƙaro Ranar Indiya, inda 'yan matan Batsari da Safana ke wayar gari mutanen Mumbai, su koma gida kafin magariba. Duk gidan da aka shirya ta, waɗannan mutane suna nan.

Uwar kwamiti. Ita ta buɗe zauren WhatsApp, ita ta zaɓi launi, ita ke karɓar kuɗin anko. Sari sai na Kantin Kwari, in ji ta, don na kusa kowa ya san farashinsa. Wadda ta yi jinkirin biya za ta ga an turo jerin sunaye, nata kaɗai babu alama. Amarya ma sai ta nemi izini kafin ta sa baki.

Masaniyar Indiya. Iyakar tafiyarta Kano, amma ta kalli Kuch Kuch Hota Hai na 1998 har ta san daƙiƙar da Kajol ke fara hawaye. Duk iliminta daga fassarar Algaita ya fito, shi ya sa ta yarda cewa Indiyawa na jin Hausa, kunya ce ke hana su yi. Ita ke koya wa sauran kaɗa kai.

Tela. An kai masa sari da hoto a waya, ya ce, "Hajiya, wanga ai ba wani abu ba ne." Ya auna ya ga yadi shida, daidai turmin atamfa, sai ya sa almakashi ya fitar da riga da zane da kallabi. Ba wanda ya gaya masa sari naɗa shi ake yi.

Gwaggo. Ba ta hana ba, sharaɗi ta kafa: "Ɗiyata, ko wace ƙasa za ki, cikinki a rufe." Aka sa riga mai dogon hannu a ƙasa, aka yafa mayafi a sama, Indiya ta maƙale a tsakiya kamar nama cikin sambusa. Da aka kawo mai zanen mehendi, Gwaggo ta leƙa ta ce, "To ai lalle ne. Nawa kuka biya aka sake mashi suna?"

Mai girki. An ce biriyani, ta ce ta iya. Ta yi dafa-duka, ta antaya kori da kanumfari da citta. Baƙi suka yaba, sannan suka zagaya inda ake raba dafaffen rogo da ƙuli.

Abokin ango. Ya ji an ce shigar Asiya, ya taho da jallabiya, ƙanensa na biye da ɗamara irin ta Bruce Lee. Da aka yi masa caa, ya ce, "Makka a wace nahiya take?" Har yau ba a ba shi amsa ba.

Kawu. Tun safe yake faɗa cewa an yar da al'ada an ɗauko ta wasu. Da aka kunna waƙa ya tsuke fuska ya ce Indiyan yanzu ba Indiya ba ne. A zamaninsu akwai Sholay na 1975, akwai Amitabh, akwai Dharmendra da ake wa kirari da Sarkin Ƙarfi. Ya ba da labarin fim ɗin daga farko har ƙarshe, sannan ya tuna ya ci gaba da faɗa.

Ango. Shi ke biya, shi ba a shawarta. An naɗa masa jan rawani har wani dattijo ya durƙusa gaisuwa, zatonsa sarauta aka yi. A fim jarumi na zagaya bishiya yana waƙa. Shi kuwa yana tsaye yana lissafin bashin lefe.

Amarya. Masaniya ta kwana uku tana koya mata kukan rabuwa irin na amaren Indiya, ita kuwa dariya ke ƙwace mata. Da la'asar mota ta tsaya a ƙofa, Gwaggo ta kama hannunta ta ce, "Ɗiyata, haƙuri. Yi, na yi. Bari, na bari." Kukan ya ɓalle, kwalli ya gangaro har haɓa, ɗigon goshi ya faɗi, ba wanda ya tsince shi. Masaniya ta share nata hawayen da gefen sari ta ce, "Wallahi ta fi Kajol."