Tafiya ba kuɗin mota

Lokacin kullen korona na 2020, da aka rufe iyakokin jihohi, masu littafi a gida ne kaɗai suka ci gaba da yawon duniya. Mutum yana kishingiɗe a tabarma, da singileti da mafici, amma ya bi Alhaji Imam neman Ruwan Bagaja gari gari, yana dariyar tsiyar da suke yi wa juna da Malam Zurƙe. Ba biza, ba shingen kan hanya, ba kwandastan da zai riƙe masa canji.

Abubakar Imam, Bello Kagara da Abubakar Tafawa Ɓalewa sun buɗe wannan tasha tun gasar rubutu ta 1933. Ganɗoki na Bello Kagara zai kai ka Indiya. Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa zai ratsa Sahara da kai har Masar, ƙishirwar duka tasa ce, kai kuwa ga randa a gefe.

Illar tafiyar ɗaya ce: ba a dawowa da tsaraba. Kana tsakiyar hamada kuma sai ka ji uwargida daga kicin: "Maigida, gawayi ya ƙare fa!"