Ɗabi'un Mutane a Bakin Ƙofa ta 3000

Duk wanda Allah ya ƙaddara wa cin abinci ta hanyar rubuta manhajar intanet, kome zurfin iliminsa, kome kuma tsadar kwamfutarsa, da wuya ya yi mako guda cur bai gamu da sa'ar nan ba, wadda zai gyara layi biyu, ya tsayar da sabarsa, ya sake tayar da ita, sai allo ya cika da jan rubutu, a tsakiyarsa ga kalmar nan da harshe ba ya iya furtawa, EADDRINUSE, wadda ma'anarta ba ta wuce cewa ƙofar da yake nema akwai wani a cikinta ba. Masu sana'ar suna ce mata fot, ni kuwa ƙofa nake kiranta, domin aikinta ke nan. Kwamfuta tana da su daga 0 har zuwa 65535, hukuncinsu kuwa guda ne, wato ba a sarki biyu a gari ɗaya.

Mas'alar kanta ba ta taka kara ta karya ba, fatawarta ma ba ta fi layi biyu ba: ka tambayi kwamfuta da lsof, ko da netstat in a kan Windows kake, ta nuna maka wanda ya tare ƙofar da lambarsa, sa'an nan ka sallame shi cikin ladabi. Amma shekarun da na yi a ɗaki guda da 'yan'uwana ma'abota wannan sana'a, muna shan shayi a buta ɗaya muna jiran wutar lantarki ɗaya, sun tabbatar mini cewa yadda tafiya take tone halin aboki, haka wannan jan rubutu yake tone ɗabi'ar ma'aikaci, har na kai ga kasa su kashi-kashi kamar yadda malaman fiƙihu suke kasa ruwa.

Mafi sauƙin sha'ani a cikinsu shi ne Mai Kashewa da Kunnawa, wanda mazhabarsa babi guda gare ta. Ba ya tambaya, ba ya gardama. Yakan kashe kwamfutar ɗungum, ya tafi alwala ya bar ta tana farfaɗowa, kuma abin haushin shi ne maganinsa yana ci, kamar na wanda ya rushe rumbu don ya kori ɓera, ɓeran kuwa lalle ya fita.

Maƙwabcinsa shi ne Mai Taƙalidi, wanda ya gaji wani layin umarni daga wani magabaci da ya daɗe da barin aiki, ya adana shi kamar laya, bai taɓa buɗe cikinsa ya ga abin da aka rubuta ba. Ran da ya koma aiki da Django, wadda take zama a ƙofa ta 8000, layar kuwa 3000 aka ɗinke a cikinta, sau bakwai ya maimaita ta, daga bisani ya sauke numfashi ya ce yau dai ba ta ci ba.

Amma wanda na fi ƙauna, wanda kuma na fi daɗewa ina nazarinsa saboda teburinsa yana manne da nawa, shi ne Mai Ƙaura. Wannan bawan Allah mutum ne mai gudun fitina, irin wanda in ya tarar da baƙo a kan tabarmarsa ba zai ce masa matsa ba, sai dai ya tafi kasuwa ya sayo wata. Da hantsi ya tarar da 3000 a toshe, sai ya yi murmushi ya koma 3001. Kafin azahar ita ma ta toshe, domin shi da kansa ya bar wani a ciki ya manta, sai ya zarce 3002. La'asar ba za ta yi ba sai ga shi a 3007, ya bar kufai bakwai a bayansa, kowanne da sabar tana ci kamar fitilar da aka manta a ɗaka, fankar kwamfutarsa tana kuka kamar injin markaɗe, shi kuwa yana fifita da takarda yana zargin zafin bazara. Wasu kayan aikin ma sun ɗaure masa gindi, irin su Vite, wadda in ta tarar da 5173 a kame takan sulale zuwa 5174 ba tare da ta shawarci kowa ba, sai ya riƙe wannan ya zama hujjarsa, yana cewa in da ƙaura aibi ce, ai da waɗanda suka ƙera injin ba su koya masa ita ba.

Akwai wata Laraba da ba na mantawa. Ya gyara wani lissafi, ya duba burauza, bai ga canji ba. Ya sake gyarawa, ya share ma'ajiyar burauzar, ya buɗe wata burauzar dabam, shiru. Har ya kai ga rubuta INA NAN da manyan haruffa a kan shafin don ya gwada ko zai gani, shafin kuwa yana nan yadda yake, bai ko motsa ba. Bayan sa'a biyu sai ya juyo da fuska irin ta wanda ya ga abin da ya fi ƙarfin hankalinsa, ya ce, "Malam, don Allah zo ka ga ikon Allah. Wallahi na goge aikin nan gaba ɗaya, amma ga shi yana gudana." Na leƙa saman burauzar, sai ga 3000 zaune daram, inda sabar jiya take ci gaba da hidima da rubutun jiya cikin amana, alhali shi yana can 3007 yana ta gumi. Na ce, "Ɗan'uwa, ai a gona ɗaya kake shuka, kana zuwa girbi a wata." Ya daɗe yana duban allon, sa'an nan ya ce cikin natsuwa, "To, ai dukansu gonakina ne." Mai karatu zai zaci daga ranar ya koyi rufe ƙofa. Abin da ya koya shi ne ya riƙa manna 'yar takarda a gefen allo yana rubuta lambar da yake ciki, yana sokewa yana sake rubutawa, har takardar ta koma kamar littafin mai adashi.

Sai Shehin ofis, wanda ya yi karatu na haƙiƙa, abin da ya rage masa kawai shi ne sanin lokacin da ake buƙatarsa. Da zarar wani ya ce ƙofa ta toshe, sai ya ajiye kofinsa, ya gyara zama, ya faro daga shekarar 1981, lokacin da Jon Postel ya tace takardar RFC 793, ya bayyana cewa idan hulɗa tsakanin kwamfuta biyu ta ƙare, ɓangaren da ya fara yin sallama wajibi ne ya zauna wani zama da ake kira TIME_WAIT, wanda shi Shehi yake fassarawa da idda, tsoron kada wani saƙo da ya makara a hanya daga tsohuwar hulɗa ya faɗo cikin sabuwa a rasa ko na wane ne. Cewa takardar ta ƙiyasta ran saƙo da minti biyu, zaman kuwa ninkinsa ne, amma Linux ta taƙaita shi zuwa daƙiƙa 60. Cewa kuma akwai rangwame mai suna SO_REUSEADDR ga wanda ya matsu. Babu ƙarya ko ɗaya a cikin wannan. Illa dai Node, wadda sabarmu take gudana da ita, a kan Linux tana ɗaukar wannan rangwame da kanta tun kafin a roƙe ta, saboda haka ran da ya umarce mu da mu jira minti huɗu cikakku don fita daga saɓanin malamai, muka jira, muka sake gwadawa, ƙofa tana nan a toshe, domin wanda yake ciki ba idda yake yi ba, da ransa da lafiyarsa yake zaune.

Adalci ya wajabta in ambaci wanda aka zalunta. Shi mai Flask ne, ƙofarsa 5000, bai taɓa cin haƙƙin kowa ba, sai a shekarar 2021 ya sabunta kwamfutarsa ta Apple zuwa macOS Monterey, ya wayi gari AirPlay ta shimfiɗa buzu a ƙofarsa, kamar yadda dattawan sana'a suke ba da labarin Skype ta dā, wadda takan kame 80 da 443 a kan Windows ta hana Apache tashi. Mun yi masa jaje. Sai dai tun daga ranar ya sami uzurin da zai ci har tsufansa, ko wace ƙofa ce ta toshe, ko a kwamfutar wa, Apple ce.

Akwai kuma Mai Yaƙi da Maciji, wanda ya san lsof, ya san kill, yakan nemo lambar mai laifi ya kashe shi, kafin ya ɗaga yatsa ƙofar ta sake toshewa da wata sabuwar lamba. Sau tara na ƙirga masa a zama guda, yana huci yana cewa yau sai ya ga ƙarshen abin nan, alhali shi ne watan jiya ya ɗauki pm2 gadi, ya yi mata wasiyya cewa duk sa'ar da sabar ta faɗi ta tashe ta nan take. An kashe maciji ba a sare kansa ba, mai gadi kuwa alkawari yake cikawa.

Duk waɗannan na yafe musu, domin ɓarnarsu a kan teburinsu take tsayawa. Wanda har yau in na tuna shi raina yake ɓaci shi ne Mai Wuƙa. Sananne ne cewa kill in an bar ta yadda take, sigina ta 15 take aikawa, wadda sallama ce, tana ba aiki damar ya rufe littafinsa, ya saki rumbun bayanai, ya fita da mutuncinsa. Ta 9 kuwa yanka ce, ba a jin ta balle a amsa, an tanade ta ne don wanda aka yi wa sallama ya ƙi ji. Shi wannan mutum bai san da ta 15 ba. Muna da sabar gwaji guda wadda mu duka muke tarayya a kanta, wata rana kuwa tun da sassafe na sa wani aiki yana kwashe bayanan abokan ciniki daga tsohon rumbu zuwa sabo, ya yi sa'a huɗu, saura kaɗan. Ƙofar Mai Wuƙa ta toshe, sai ya rubuta sudo killall -9 node, ya kashe nasa, da nawa, da na wata baiwar Allah da take tsakiyar nuna wa baƙi aikinta, ya bar mini rumbu rabi a can rabi a nan, wanda sai bayan isha na gama tantance abin da ya ƙetare da abin da bai ƙetare ba. Da na same shi, bai ko juyo ba, ya ce, "Ai nawa ya tashi yanzu." Da na matsa, sai ya ce bai san akwai na wasu ba. Wannan ba jahilcin da ake yi wa uzuri ba ne, domin lsof in ta amsa, a jeri na uku sunan mai aikin take rubutawa ɓaro-ɓaro, dubawar kuma ba ta cin daƙiƙa goma. Mutumin da aka ba mabuɗin gida, wato sudo, don amana, ya ƙi sayen haƙƙin 'yan'uwansa da daƙiƙa goma, ba gaggawa ce take damunsa ba, ganinsa ne bai kai ga cewa akwai wasu mutane a duniya ba.

Bayan wannan da 'yan makonni, ina cikin tsara wannan maƙala a raina, sai ƙofata a kan sabar tarayya ta toshe. Na ce alhamdu lillahi, yau zan karantar da darasi a aikace. Na tara jama'a, na kira Shehi ya zama shaida, na tabbatar Mai Wuƙa yana kusa yana ji, na yi 'yar gajeriyar nasiha a kan falalar tambaya kafin hukunci, sa'an nan na rubuta lsof -i :3000 a hankali yadda kowa zai gani, na sa yatsa a jeri na uku don in karanta sunan mai laifi da ƙarfi. Sunana ne. Ashe da safe, a wata taga da na bari a buɗe, maimakon in danna Ctrl da C, wadda take tsayar da aiki, yatsana ya zame ya danna Ctrl da Z, wadda ba ta kashewa, sumar da aiki kawai take yi ta bar shi kwance a bakin ƙofa da mabuɗi a hannunsa. Da na koma tagar na rubuta jobs kuwa, sai ga su uku a jere suna barci, har da wanda ya tare 8080, wadda tun hantsi Mai Taƙalidi yake ta karanta wa layarsa.

Ɗakin ya yi tsit. Shehi ya buɗe baki zai faro daga 1981, aka yi masa ido. Sai Mai Ƙaura, Allah ya saka masa da alheri, ya duba 'yar takardarsa, ya matso kusa da ni ya rage murya, ya ce, "Malam, kada ka damu, 3008 babu kowa." Na yi masa godiya, na karɓa.