Wai a Ingila ba a kwana da yunwa?

Ku masu rantsuwa cewa a Ingila ko kare ba ya kwana da yunwa, ku matso kusa. Na san halinku: da an ce Bature na bin layin sadaka a coci, sai ku taɓe baki ku ce marubuci ya fara shaci-faɗi.

To, ƙungiyar Trussell, wadda wasu ma'aurata Kiristoci suka kafa, ta buɗe rumbun abincinta na farko a garin Salisbury a 2000. Daga Afrilun 2023 zuwa Maris na 2024, rumbunanta, da yawansu a zaurukan coci, sun raba ƙunshin abinci sama da miliyan 3. Aljanu ne suka cinye?

Na jiyo Alhaji daga baya can yana cewa ai shi ke nan, coci ya share musu hawaye. Sannu da ƙoƙari, Alhaji, ɗauko carbinka mu yi lissafi. Wanda ya nemi tallafin gwamnati na Universal Credit sai ya jira kusan mako 5 kafin kuɗin farko su shigo. Ƙunshin coci kuwa na kwana 3 ne. Kuma ba sallama za ka yi ka ce a taimaka saboda Allah a miƙo maka ba. Sai likita, ko ma'aikacin jin daɗin jama'a, ko ofishin ba da shawara na Citizens Advice sun ba ka takarda tukuna. Wani cocin ma awa biyu kacal yake buɗe ƙofa a mako. Idan yunwarka ta iso ranar Talata, rabo kuma sai Juma'a, sai ka lallashe ta.

Ka kwance ledar: waken gwangwani, taliya, shinkafa, madarar kwali, ganyen shayi. Madalla. Amma katin mita ya ƙare, da me za a dafa? Shi ya sa wasu rumbunan ke haɗa ƙunshi na musamman wanda ruwan zafi kaɗai yake buƙata. Kuɗin haya kuwa, babu mai gidan da ke karɓar gwangwani.

Hajiya ta ce ai gwamnati na ba da wani abu kafin mako 5 ɗin su cika. Gaskiyarki, ranki ya daɗe, amma bashi ne, ana zare shi daga tallafin watannin gaba.

Kada dai ku huce a kan dattawan da ke jera kaya a coci ba ko sisi. Jiran mako 5 ɗin nan gwamnati ce ta tsara shi, ita ce kuma ke da ikon soke shi.