Yadda Ake Tantance Tsohuwar Motar Ƙarfi a Gwanjon Amurka Kafin Guduma Ta Sauka

Motocin ƙarfi, kamar yadda ake kiransu a Amurka, su ne matsakaitan motocin da kamfanonin Detroit suka riƙa ɗora wa manyan injuna masu silinda takwas, tun daga fitowar Pontiac GTO a 1964 har zuwa farkon shekarun 1970, lokacin da tsadar inshora da dokokin rage hayaƙi da matsalar man fetur ta 1973 suka taru suka durƙusar da su. A yau ana hada-hadarsu a manyan wuraren gwanjo, irin na Barrett-Jackson a Scottsdale ta jihar Arizona da na Mecum a Kissimmee ta jihar Florida, dukansu a watan Janairu, inda motoci biyu masu launi ɗaya da ruri ɗaya kan bambanta a farashi ninki-ba-ninki saboda harafi guda da aka buga a jikin ƙarfe. Ba za a ɓata lokaci a nan kan duba tayoyi da kunna fitilu ba, domin duk wanda ya kai ga biyan kuɗin rajistar masu taya ya wuce wannan aji, kuma gwiwoyinsa sun riga sun san sanyin siminti da asuba.

Shawara ta farko ita ce a fara da lambar shaidar mota, wadda ake taƙaitawa da VIN, wato jerin haruffa da alƙaluman da kamfani ke ba kowace mota ita kaɗai. Sai a 1981 aka daidaita ta zuwa gurbi 17, saboda haka kafin wannan shekara kowane kamfani ya bi son ransa: a ƙarshen shekarun 1960 General Motors da Chrysler suna amfani da gurbi 13, Ford kuwa 11. A motocin Chrysler, wato Dodge da Plymouth, gurbi na biyar shi ne na inji, kuma shahararren injin Hemi 426, mai kimanin lita 7, yana ɗauke da harafin J daga 1967 zuwa 1969, sannan R a 1970 da 1971. Nauyin wannan harafi yana fitowa fili idan aka tuna cewa Plymouth Hemi 'Cuda mai buɗaɗɗen rufi ta 1971 ba a ƙera fiye da goma sha biyu ba, kuma an sayar da ɗaya daga cikinsu dala miliyan 3.5 a gwanjon Mecum na Seattle a 2014. Don haka bayan karanta lambar, wajibi ne a haska tocila kan ƙusoshin da suka riƙe farantin, domin farantin da aka ciro daga gawar wata mota aka liƙa wa wata yakan bar alama a ƙusa, kuma sauya shi da nufin yaudara laifi ne a dokar tarayyar Amurka.

Shawara ta biyu ta shafi abin da masu wannan harka ke kira daidaituwar lambobi, ma'ana injin da giyabos ɗin da ke cikin motar su ne ainihin waɗanda ta baro masana'anta da su. Daga 1968 kamfanonin sun riƙa buga ɓangaren ƙarshe na lambar shaidar a jikin inji da giyabos, yawanci a lungun da sai da ƙaramin madubi mai sanda da haƙurin zama a tsugune ake iya gani. Ganin lambar ta dace bai isa ba, saboda akwai masu kankare fuskar ƙarfen su sake buga lambar da suke so. Abin da ke tona musu asiri shi ne siraran layukan da na'urar masana'anta ta bari a wannan fuska, waɗanda a injunan Chevrolet suke tafiya a miƙe daga gaba zuwa baya, alhali kankarar da aka yi daga baya takan bar zane mai lanƙwasa. Haka kuma akwai ranar zubin ƙarfe da ke fitowa a jikin inji, wadda dole ta riga ranar harhaɗa motar, domin injin da aka zuba a watan Mayu ba shi da hanyar shiga motar da ta bar masana'anta a watan Maris, ko da kuwa mai motar ya rantse har muryarsa ta dushe.

Shawara ta uku ita ce takardu, kuma a nan ne ran mai saye ke fara ɓaci. Mai neman Ford yana da sauƙi, domin akwai rahoton Marti, wanda Kevin Marti ke fitarwa daga kundin kamfanin kan motocin 1967 zuwa sama, yana nuna launi da inji da dillalin da aka fara kai wa motar. Mai neman Pontiac ma yana da wata cibiya da ake kira PHS, wadda ke ba da kwafin takardar farashin masana'anta, abin da ke da matuƙar amfani tunda a 1964 da 1965 GTO ƙari ne kawai da ake zaɓa a kan LeMans, sai a 1966 ta samu lambarta mai farawa da 242. Amma mai neman Chevrolet ta wancan zamani da aka ƙera kuma aka sayar a Amurka ba shi da wata taska da zai rubuta wa ta tabbatar masa da kayan da aka ɗora wa motar, ga shi kuma lambar Chevelle ta 1970 ba ta nuna ko motar ƙirar ƙarfi ce ta SS ko ta zuwa cefane ce, balle ta nuna ko tana ɗauke da LS6, injin 454 mai ƙarfin doki 450 da aka ƙera 4,475 kacal. Shi ya sa masu harkar ke cewa LS6 da ke yawo a yau sun fi waɗanda aka ƙera yawa.

Abin da ya rage wa irin wannan mai saye shi ne takardar harhaɗawa, wato 'yar takardar da ke bin mota a layin masana'anta tana gaya wa ma'aikata abin da za su ɗaura, wadda bayan an gama wani ma'aikaci kan cusa a cikin sifirin kujera, ko ƙarƙashin kafet, ko saman tankin mai, maimakon ya kai ta kwandon shara. Babu wanda ya ajiye ta domin tarihi, kuma babu wanda ya zaci wata rana darajar mota za ta rataya a kanta. Ta shafe fiye da shekara hamsin tana shan zafi da danshi da tiririn fetur, ɓeraye kuma sun ɗauke ta kayan shimfiɗa, kuma abin da ke ƙona rai shi ne yadda sau da yawa ɓarnar ke faɗawa daidai gurbin da aka rubuta inji, ta bar gurbin rediyo da na madubin ƙofa garau. Wani lokaci a samu takardar lafiya lau, a yi murna, sai a duba a ga ta motar da ke gaba ko baya a layi ce, domin ma'aikacin bai damu da wadda ya cusa ba. Mafi muni kuma akwai masu buga sababbi su tsufar da su da gangan har su yi launin ƙasa, su yayyage gefensu, abin da ke nufin dattijo mai iyali zai tsaya a tsakiyar rumfa yana ɗaga guntun takarda sama yana nazarin siffar haruffan tsohuwar na'urar bugawa, har yana sunsuna ta. Wannan ba ƙaramin zalunci ba ne, domin maƙaryaci ɗaya ya isa ya jefa shakku a kan takardun masu gaskiya ɗari, ya kuma gurɓata tarihin da babu mai iya sake rubuta shi.

Shawara ta huɗu ya kamata ta yi bayanin tsatsa, da yadda gishirin da ake zubawa a titunan Michigan da Ohio lokacin ƙanƙara ke cinye ƙasan mota, da yadda ake bin jikinta da mayen ƙarfe domin gano inda mai gyaran bodi ya cike lotsawa da kwaɓi ya shafe da fenti. Sai dai yawancin masu motoci ba sa yarda a taɓa fentinsu ko da da ɗan yatsa, saboda haka a bar wannan a koma kan littafin gwanjo mai ɗauke da bayanin motoci, wanda shi ne tushen rabin wahalar. A cikinsa ake cin karo da jimloli irin su "an yi imanin injin na asali ne", ko "mita tana nuna mil 31,000", alhali mitar wancan zamani gurbi biyar gare ta, tana komawa sifili bayan mil 99,999, kuma ba ta faɗin sau nawa ta zagayo. Akwai kuma "inji irin na lokacin", wanda ke nufin ba nata ba ne, da "labarin iyali ya nuna", wanda ke nufin babu takarda. Kowace jimla an auna ta yadda ba za a kama kowa da ƙarya ba, sharuɗɗan gwanjo kuma galibi suna cewa bayanin daga mai mota ya fito kuma ana sayar da ita a yadda take, don haka da zarar guduma ta sauka, tsatsa da shakku da ɓeraye duk sun zama na mai saye.

Ta biyar ita ce a ɗauki ƙwararren da ya ƙare rayuwarsa kan ƙirar mota ɗaya, a biya shi kafin ranar gwanjo. Ta shida a nemi rajistar masu irin motar, kamar ta ƙungiyar SAAC ga motocin Shelby. Ta bakwai a zo da tabarma saboda gwiwoyi.

Sauran ba sa buƙatar lamba, domin duk suna komawa ga kuɗi. Jadawalin farashi na kamfanin Hagerty yana raba lafiyar mota zuwa mataki huɗu, daga na 1, wadda ta isa shiga gasar nuni, zuwa na 4, wadda ake hawa da aibobinta, kuma kusan kowane mai mota yana ganin tasa a mataki ɗaya sama da inda take, fitilun dandali kuma suna taya shi. Sannan akwai la'adar da mai saye ke biya, wadda takan kai kashi 10 cikin 100: Mustang ta 1968 da Steve McQueen ya tuƙa a fim ɗin Bullitt an buga mata guduma a kan dala miliyan 3.4 a Kissimmee a Janairun 2020, amma abin da aka biya ya kai miliyan 3.74, ban da haraji da jigila da inshora. Ya kamata mai saye ya rubuta iyakar kuɗinsa a takarda tun yana cikin hankalinsa, ya cire la'ada daga ciki, domin dandalin gwanjo an tsara shi ne da kiɗa da ihu da masu zuga da ke tsayawa a gaban mutum suna kallon ƙwayar idonsa, kuma mota takan yi 'yan mintoci ne kawai a kai.

Idan kuwa bayan duk wannan takardu ba su cika ba, babu abin kunya a sayen kwaikwayo, wato motar talakawa da aka mayar da ita siffar mai tsada, matuƙar an faɗi gaskiyarta kuma an saye ta a farashin kwaikwayo. Irin wannan mota tana ruri kamar ta asali, ana iya fita da ita cikin ruwan sama ba tare da faɗuwar gaba ba, kuma mai ita ba ya kwana yana tunanin ranar zubin ƙarfe. Sayen nagari mayar da kuɗi gida ne, amma nagarta a wannan kasuwa tana farawa ne daga mai sayarwar da zai faɗi abin da ya sani da abin da ya canza, kuma wanda ya ƙi yarda a haska tocila a injinsa ya riga ya ba da amsar da ta isa mai saye ya mayar da hannunsa aljihu ya wuce mota ta gaba.