Dawakai 400, Kofato Babu

Akwai wata lalura da ke kama samarinmu da suka tafi ci-rani Kanada da arewacin Amurka, kuma ba ta tashi sai wajen watan Yuli, lokacin da rana ta fito, ciyawa ta yi kore shar, 'yan daloli suka fara taruwa a asusu. Alamarta ta farko, saurayi ya riƙa kwana yana kallon hotunan Ford Mustang a waya. Ta biyu, ya fara ƙorafin cewa bas tana ɓata masa lokaci. Kafin 'yan'uwa su ankara su yi masa addu'a, sai ka ga hoto a WhatsApp: gogan naka ya jingina da wata jar mota mai ƙofa biyu wadda cikinta ya kusa shafar kwalta, ya toshe ido da baƙin gilashi, a ƙasa ya rubuta “ƙaramin ƙoƙari, Alhamdulillah.” Daga Kano har Maraɗi sai ruwan addu'a: Allah ya sa alheri, Allah ya tsare, Allah ya sa a kashe lafiya.

A duk masu addu'ar nan ba wanda zai tambayi wace irin taya ce a ƙafar motar. Shi ma mai motar bai tambaya ba. Abin da ya riƙe a ka shi ne injinta na da ƙarfin doki sama da 400, kuma idan ya taka totur maƙwabta sukan leƙo ta taga. Mustang dai tun 1964 take burge samari, kuma tun ranar da aka haife ta tayoyin baya ne ke tura ta, injin mai nauyi yana zaune a gaba. Haka ita ma Chevrolet Camaro take. A busasshiyar kwalta wannan tsari daɗi ne. A kan ƙanƙara kuwa, tayoyin da aka ɗora wa aikin turawa su ne ba su da isasshen nauyin da zai danne su, sai su yi ta juyi a banza, ɗuwawun mota ya kama gabansa.

Kowace unguwa ta baƙi tana da dattijonta, wanda ya shekara ashirin a ƙasar yana jan tsohuwar Corolla mai launin toka. Bayan sallar Juma'a zai zagaya motar, ya tsuguna, ya shafa taya, ya ce, “Ɗana, mota ta yi kyau. Amma kafin Nuwamba ka nemi tayoyin sanyi.” Saurayi ya yi murmushin ladabi ya ce, “In sha Allahu, Baba.” Da ya shiga mota sai ya ce wa abokinsa, “Ka ji tsoho da tsoro. Ni da na yi hidimar ƙasa a Jos, wane sanyi za a nuna min?”

Bari mu yi wa mutumin Jos bayani. Robar tayar bazara, irin mai faɗi da masu motocin tsere ke alfahari da ita, takan fara taurarewa da zarar awon zafi ya sauko ƙasa da digiri 7. Ita kuwa tayar sanyi an haɗa robarta ne don ta ci gaba da laushi a cikin daskarewa, ga tsagogi ƙanana birjik da ke kama dusar ƙanƙara. Za ka gane ta da tambarin dutse mai kai uku da ɗigon ƙanƙara a tsakiya. A birnin Winnipeg na lardin Manitoba, inda a watan Janairu ba abin mamaki ba ne a wayi gari da digiri 30 ƙasa da sifili, tayar bazara ado ce kawai. Littafin dokokin hanya na Birtaniya ma ya gargaɗi direbobi cewa tazarar tsayawa a kan ƙanƙara tana iya ninka ta busasshiyar hanya har sau goma. Amma tayoyi huɗu kuɗi ne, kuma ba sa fitowa a hoto. Don haka kuɗinsu sai ya tafi wajen sauya salansa, domin ƙarar ta ƙara kai wa.

Ranar farko da dusa ta sauka da gaske, nan ake yin ta. Ƙarfe shida na asuba, duhu bai washe ba, gogan ya fito da takalmin gayu. A Winnipeg kusan kowace mota tana da wata wayar lantarki da ke leƙowa ta hancinta, wadda ake jonawa da soket da dare don ɗumama injin. Shi ya tura tasa can ciki tun bazara, wai tana ɓata fuskar mota. Ya murɗa makulli, batir ya yi tari biyu ya yi shiru. Bayan maƙwabci ya taimaka an yi mata jan wuta, sai ga wani sabon aiki: motar share hanya ta wuce cikin dare, ta tara masa tudun ƙanƙara a bakin ƙofa. Motar da cikinta bai wuce tsawon tafin hannu daga ƙasa ba, ta hau tudun ta zauna daram, tayoyin baya na lilo. Ya ɗauko shebur yana haƙa, majina na daskarewa a gashin baki, wayarsa na ta ƙara a aljihu, ƙanwarsa ce daga gida take son ya yi mata bidiyon motar ta nuna wa ƙawaye.

Da ƙyar ya hau titi. Danja ta ba da hannu, ya taka totur yadda ya saba a watan Agusta. Gaban mota na kallon gabas, bayanta ya ce shi kudu za shi. A Kano sai an yi ɗaurin aure ake wasan mota, a ƙona taya, a tara 'yan kallo, a gudu kafin 'yan sanda su iso. A nan kyauta ake yi maka, ba ango ba amarya, kuma ba a tambayar ko ka shirya. Ya juya sau ɗaya da rabi, ya tsaya yana fuskantar inda ya fito, yana salati da duk addu'ar da ya haddace tun makarantar allo. Wata tsohuwa mai furfura ta ratsa ta gefensa a hankali cikin ƙaramar motarta mai tayoyin sanyi, ta ɗaga masa hannu cikin tausayi. Wannan ɗaga hannun ya fi kuɗin janwe ciwo.

Mutanen lardin Kebek sun gaji da irin wannan wasan kwaikwayo tuntuni. Tun 2008 suka wajabta tayoyin sanyi, kuma yanzu daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris duk motar da ke da rajistar lardin dole ta sa su, ko a ci tarar mai ita dala 200 zuwa 300. A Ontariyo ba a tilasta ba, amma tun 2016 an umarci kamfanonin inshora su rage wa mai tayar sanyi kuɗi. A Manitoba har rance mai sauƙin ruwa ake bayarwa don a saya. Wato an roƙe ka, an ba ka ragi, an ba ka bashi, amma kai ka fi yarda da Jos.

Akwai kuma saurayi na biyu, wanda ya ɗan yi karatu a intanet. Shi ba ya sayen Mustang. Audi yake saya ko Subaru WRX, masu tura tayoyi huɗu gaba ɗaya, ya zauna a majalisa yana ba da lacca a kan yadda Audi Quattro ta fito a 1980 ta rikita gasar tseren daji. Duk gaskiya ne. Abin da ya manta shi ne tura tayoyi huɗu wajen tashi yake taimako. Wajen tsayawa kuwa, kowace mota a duniya birki huɗu gare ta, har Corollar Baba. Saboda haka shi yakan tashi daga danja kamar harsashi, ya wuce kowa, ya isa kan gada, inda hanya ta fi saurin daskarewa domin iska na bi ta ƙarƙashinta, ya haɗu da siririyar ƙanƙarar nan da ba a gani, wadda ta yi kama da jiƙaƙƙiyar kwalta. Bambancinsa da mai Mustang shi ne shi ya fi nisa cikin rami, janwe sai ta ƙara igiya.

Na uku ya fi su wayo, ko kuma ya fi su ban tausayi. Da ya ga abin da ya sami 'yan'uwansa, sai ya lulluɓe motar da tamfol a gareji daga Nuwamba har Afrilu. Duk wata banki na zare kuɗinsa, shi kuwa yana tsaye a tashar bas da hula mai kunne, bas ɗin nan da ya ce tana ɓata masa lokaci. Hotunan bazara yake ta maimaitawa a Instagram. Mutanen gida har sun fara mamakin yadda ganyen Kanada ba ya bushewa.

Kada a ce motar ce mai laifi. A ƙauyen Arjeplog da ke arewacin Suwidin, kamfanonin motoci kan kai sababbin ƙirarsu kowane hunturu su gwada su a kan tafkunan da suka daskare, kuma masu kuɗi na biya a koya musu sarrafa motar tsere a kan ƙanƙara. A Finland kuwa darasin tuƙi a hanya mai santsi yana cikin abin da ake koya wa mai neman lasisi. Porsche 911, da yake injinta a baya yake yana danne tayoyin da ke turawa, idan aka sa mata tayoyin da suka dace tana tafiya cikin dusa lafiya lau. Sirrin mutanen nan ba asiri ba ne: taya ta gari, ƙafa mai sauƙi a kan totur, birki tun daga nesa, tazara mai yawa, da zuwa filin da ba kowa a gwada yadda mota ke zamewa kafin ta zame da kai a cikin jama'a. Sai kuma wanke ƙarƙashin mota a kai a kai, domin gishirin da ake zubawa a hanya don narkar da ƙanƙara cin ƙarfe yake yi. Mu ma a gida mu shiga taitayinmu, don wasu daga cikin motocin da gishirin ya gama da su ne ake yi wa fenti a loda a jirgi, su sauka Kwatano ko Legas, dillali ya rantse maka cewa wata tsohuwar Baturiya ce ke zuwa coci da ita kawai.

A gaskiya rabin laifin namu ne, mu 'yan kallo. Yaro ya tafi wata takwas, mun fara tambayar wace mota ya hau. Da ya turo hoton tsohuwar Corolla da tayoyi huɗu sababbi, da an ce tafiyar ba ta karɓe shi ba. Don mu yake sayen motar, hanya kuma ba ta san mu ba. Saboda haka ɗan'uwa, idan Allah ya hore maka motar tsere a ƙasar ƙanƙara, hau abinka, ba mai hana ka. Amma ka fara sayen tayoyin sanyi kafin salansa, ka jona wayar nan da dare, kuma idan Baba ya tsuguna yana shafa taya, ka tsaya ka saurare shi. Ku kuma mutanen gida, in an turo hoton mota, bayan “Allah ya sa a kashe lafiya” ku ƙara da “turo mana hoton tayar.”